Yadda Ake Auna Yoyon Wutar Lantarki a Na'urorin Asibiti

Wanda ya yi aiki a sashen gyaran na'urori na wani asibiti a Katsina ko Daura ya saba jin wannan koke daga bakin ma'aikatan jinya, cewa na'urar zuƙe majina ko gadon tiyata yana ɗan ja idan an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Yawanci da murmushi ake faɗa, domin jan bai kai na kayar da mutum ba, kuma na'urar tana ci gaba da aikinta. Sai dai lafiyayyen mutum ba ya fara jin wuta a fatarsa sai ta kai kusan miliyamfiya 1, wato maikuroamfiya 1,000 a ma'aunin yawan wutar da ke gudana, alhali na'urar da aka ƙera don ta haɗu da zuciya kai tsaye ba a yarda yoyonta zuwa jikin majiyyaci ya wuce maikuroamfiya 10 ba idan komai nata lafiya yake. Ke nan kafin hannun nas ya ji wani abu, an ninka waccan ƙa'ida sau ɗari. Hannu ba ma'auni ba ne a wannan aiki, haka ma ɗan testan nan mai fitila da masu wayarin ke saƙalewa a aljihu.

Yoyon wuta shi ne ɗan abin da ke zurarewa daga hanyar da aka tsara wa lantarki, ya bi jikin na'ura, ko wayar ƙasa, ko jikin majiyyaci. Babu na'urar da ba ta da shi, ko da jiya aka kwance ta daga kwali. Robar da ke rufe waya ba ta tare wuta ɗari bisa ɗari, kuma a mashigar wutar yawancin na'urori akwai ƙananan kafasita, wato 'yan kayan da ke riƙe cajin lantarki na ɗan lokaci, da aka haɗa tsakanin wayar wuta da wayar ƙasa don tace hayaniyar lantarki. Kafasita guda mai nanofarad 4.7, a kan wutarmu ta bolt 230 mai juyi 50 a daƙiƙa, tana zubar da kusan maikuroamfiya 340 ita kaɗai. Muddin wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at, tana nan daram, wannan yoyo zai bi ta ya wuce ba wanda ya sani. Ranar da ta tsinke, sai ya tsaya a jikin na'ura yana jiran wanda zai taɓa. Majiyyaci kuwa ba kamar mai gyara yake ba: an shafa masa man da ke sauƙaƙa wucewar lantarki a ƙirji, ko an huda fatarsa da allura, ko an zura masa siririn bututu zuwa kusa da zuciya, kuma idan yana cikin barcin tiyata ko jariri ne bakwaini, ba zai iya janye jikinsa ba.

Ƙa'idoji biyu da kayan aiki

Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda ke da mazauni a Janiba, tana da ƙa'idoji biyu da suka shafe mu. IEC 60601-1, wadda bugunta na uku ya fito a 2005, ita ce masu ƙera na'ura ke bi a ɗakin gwaji kafin su fitar da kaya kasuwa. IEC 62353, wadda ta fito a 2007 aka sabunta ta a 2014, an rubuta ta ne saboda na'urar da ke cikin aiki, wadda ake dubawa lokaci zuwa lokaci ko bayan an gyara ta. Ita ta biyun za a bi a wannan bayani. Abin da bai kamata ba shi ne a auna da hanyar ɗaya daga cikinsu a yanke hukunci da iyakar ɗayar, domin yadda ake haɗa wayoyin gwajin ya bambanta.

Babban abin aiki shi ne na'urar gwajin lafiyar lantarki, irin Fluke ESA612 ko ESA620 ko Rigel 288. A cikinta akwai wani ɗan haɗi da ke kwaikwayon jikin mutum: turjiya, wato abin da ke rage gudun wuta, ta om 1,000, da wata ta om 10,000, da kafasita mai maikurofarad 0.015, waɗanda ke rage nauyin wuta mai saurin juyi fiye da 1,000 a daƙiƙa, saboda irin wannan wuta ba ta tada tsokar zuciya kamar mai juyi 50. Mitar hannu ta masu gyaran rediyo ba ta da wannan haɗi, kuma wutar da take aunawa da ita ta yi ƙanƙanta da ta bambance om 0.1 da om 0.4 yadda za a dogara da ita. Amfaninta a nan shi ne duba soket. A tabbata takardar daidaita ma'aunin na'urar gwajin ba ta ƙare ba, a kuma tanadi teburin katako busasshe, da sukudireba, da sabbin filogi da fiyus, da littafin rajista.

Kafin a kunna komai

A cire na'urar daga jikin majiyyaci gaba ɗaya, a sanar da shugabar ɗaki, a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ɗora ta a kan teburin katako. A zare duk wata waya da ke haɗa ta da wani abu, kamar firinta, ko kwamfuta, ko talabijin ɗin bango, kuma kada jikinta ya jingina da gadon ƙarfe ko bututun ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama ɓarauniyar hanya da yoyo zai bi ya kauce wa ma'auni, sai a ga adadi ɗan kaɗan a yi murna a banza.

Daga nan sai a karanta allon bayanin da ke bayanta. Ana neman abu biyu. Na farko ajinta: Aji na I yana dogara da wayar ƙasa, Aji na II kuwa rufi biyu ne ke kare shi, kuma alamarsa ƙaramin murabba'i cikin babban murabba'i. Na biyu nau'in sashen da ke taɓa majiyyaci, wanda alamarsa kan kasance kusa da inda ake soka wayoyin. Hoton mutum tsaye shi kaɗai yana nufin nau'in B, kamar gadon tiyata. Mutum a cikin murabba'i nau'in BF ne, kamar kan na'urar hoton ciki. Zuciya a cikin murabba'i nau'in CF ne, kuma shi ya fi tsananin ƙa'ida. Wayoyin awon bugun zuciya na na'urar sa ido a kan majiyyaci galibi shi ne. Na'ura ɗaya tana iya haɗa nau'i biyu, saboda haka a rubuta kowanne daban.

Duba wutar da za a yi gwajin da ita

Wannan mataki ne littattafan waje ke wucewa da layi ɗaya, domin su sun ɗauka soket ɗin bango yana daidai. A wurinmu nan ne rabin aikin yake. Asibiti ɗaya yana iya kasancewa a kan wutar layi da safe, a kan janareta da rana, a kan inbata da sola da dare, kuma kowannensu yana iya ba da sakamako daban a kan na'ura guda.

A ɗauki mitar hannu a auna wuri uku a soket ɗin da za a jona na'urar gwaji. Tsakanin wayar wuta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a sami kusan bolt 230. Tsakanin wayar wuta da ƙasa a sami kusan haka. Tsakanin nutural da ƙasa a sami sifiri ko 'yan bolt kaɗan. A soket mai ƙafa uku irin wanda muka gada daga Ingila, idan ana fuskantarsa, ramin sama na ƙasa ne, na dama na wuta, na hagu na nutural. Idan aka tarar bolt 230 yana tsakanin ramin hagu da na sama, an juya wayarin, kuma fiyus ɗin filogi yana kan nutural ke nan, ba ya kare abin da aka sa shi ya kare.

Idan kuwa aka ga kusan rabi da rabi, wato wajen bolt 115 tsakanin wuta da ƙasa, da kusan haka tsakanin nutural da ƙasa, ko adadin yana yawo ba ya tsayawa, to ɗayan biyu ne. Ko babu wayar ƙasa a soket ɗin sam, ko wutar daga janareta ko inbata take wanda ba a ɗaure nutural ɗinsa da ƙasa ba. A irin wannan wuta awon yoyo na kai tsaye yana fitowa ƙasa da gaskiyarsa, kuma yawancin na'urorin gwaji kan yi gargaɗi ko su ƙi farawa. Kada a danne gargaɗin a ci gaba. A koma wani soket mai kyau, ko a yi amfani da hanyar madadi da za a bayyana a gaba. Akwai wuri ɗaya da ake raba wuta da ƙasa da gangan, wato ɗakin tiyata ko ɗakin kulawa ta musamman da aka sa wa taransifomar keɓewa. A can rabi da rabi ba laifi ba ne, kuma kuskure ne babba wani ya je ya ɗaure nutural da ƙasa da sunan gyara.

A rubuta bolt ɗin da aka samu, domin za a buƙace shi wajen lissafi.

Duban ido

Mafi yawan laifuffukan da na taɓa kamawa ido ne ya kama su kafin ma'auni. A bi wayar wuta da yatsu daga filogi har zuwa jikin na'ura, ana neman inda ɓera ya ci, ko tayar gado ta taka, ko aka yi ɗori aka naɗe da salatef. Idan filogin mai buɗuwa ne a buɗe shi: mai launin ruwan ƙasa ita ce wayar wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa, a tsohon tsari kuma ja da baƙa da koriya. Wayar ƙasa ta fi sauran tsawo a cikin filogi, don idan aka fizgi waya ta zama ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Fiyus ya dace da abin da aka rubuta a allon na'ura, ba zaren waya ko takardar sigari ba.

Na'urorin gwanjo da na gudummawa suna da nasu ciwon. Wadda ta zo daga Jamus tana da filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu, kuma mahaɗin ƙasanta wasu ƙarafa ne a gefen filogin. Idan aka tura wani abu a ramin sama na soket ɗinmu aka cusa ƙafafun nan biyu, na'ura za ta kama aiki, amma ƙarafan gefen ba su taɓa komai ba, Aji na I ya zauna babu ƙasa ke nan. Na taɓa tarar da na'urar zuƙe majina a haka a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Daura, kuma da na ce zan yanke filogin, shugabar ɗakin haihuwa ta ce, "Injiniya, ai shekara biyu muna aiki da ita haka, ba ta taɓa cin kowa ba." Na ce, "Hajiya, bari in sa mata namu filogin, ba zai kai minti goma ba." Wadda ta zo daga Amurka kuma bolt 120 take ci, ana jona ta ta taransifomar rage wuta, kuma da yawa daga waɗannan taransifomomi na kasuwa ba sa wuce da wayar ƙasa daga mashiga zuwa mafita. Irin wannan na'ura a gwada ta tare da taransifomarta, yadda ake amfani da su a ɗaki.

A leƙa ramukan shan iska. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan allon lantarki, busasshiya ba ta cika yin illa ba, amma idan damina ta kankama a Yuli da Agusta ta sha laima, sai ta zama shimfiɗa mai wuce da wuta. Shi ya sa na'urar da ta ci gwaji a Janairu tana iya faɗuwa a Agusta ba tare da wani ya taɓa ta ba. Ruwan gishiri na ƙarin ruwa da ya ɗiga ya bushe a jikin na'ura ma haka yake yi, har ya fi.

Awon wayar ƙasa

Wannan na Aji na I ne kawai, kuma shi ake fara yi kafin duk wani awon yoyo. A soka filogin na'urar a soket ɗin da ke jikin na'urar gwaji. A fara share turjiyar wayar gwajin kanta ta hanyar taɓa ta da mahaɗin da aka tanada a danna sifiri, in ba haka ba za a ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Sannan a maƙala bakin wayar a ƙarfen jikin na'ura inda babu fenti ko tsatsa, kamar mahaɗin wayar ƙasa da ke bayanta. IEC 62353 ta ce a auna da wutar da ba ta gaza miliyamfiya 200 ba. Na'ura haɗe da wayarta kada ta wuce om 0.3. Idan wayar mai cirewa ce aka auna su daban, na'urar kada ta wuce om 0.2, wayar ita kaɗai om 0.1.

Yayin da ma'auni ke karantawa, a riƙa lanƙwasa wayar a hankali, musamman a wuyan filogi da inda ta shiga na'ura. Idan adadin yana tsalle, zaren tagulla ya kakkarye a ciki saura kaɗan ke riƙe, kuma a sauya wayar ko da ta nuna om 0.1 tana kwance. A maimaita awon a kan kowane ƙarfe da hannu ke kaiwa wanda aka tsara ya haɗu da ƙasa. Na'urar da ta faɗi a nan a tsaya da ita, a gyara, sannan a ci gaba.

Awon ƙarfin rufi ana yinsa da bolt 500 na wuta miƙaƙƙiya marar juyi, irin ta batir, na'ura ba a jone da wutar bango ba amma makunninta a kunne. Tsakanin wayoyin wuta da ƙasa a Aji na I ana son megaom 2, wato om miliyan biyu, ko fiye. Wasu masu ƙera na'ura sun hana wannan gwaji saboda yana iya lalata kayan kariya na ciki, don haka a duba littafin na'urar tukuna, idan ya hana a tsallake.

Awon yoyon na'ura

Hanyoyi uku ne, kuma zaɓen hanya yana bin halin na'ura da halin wuta.

Hanyar kai tsaye ita ce aka fi yi. Na'urar gwaji tana katse wayar ƙasa ta sa haɗin nan mai kwaikwayon jikin mutum a madadinta, don duk yoyon da zai bi mutum ya bi ma'auni. A jona wayoyin majiyyaci duka a mahaɗansu da ke saman na'urar gwaji, a bar wayar gwaji maƙale a ƙarfen jiki, a kunna na'urar a jira ta gama tashi. Idan tana da injin da ke tashi lokaci lokaci, ko abin ɗumama kamar kwalbar jarirai, a jira ya kama aiki, domin a lokacin ne yoyo ke kaiwa ƙarshensa. A karanta adadi, a kashe, a juya wuta da nutural ta maɓallin na'urar gwaji, a sake kunnawa a karanta, a rubuta wanda ya fi girma. Dalilin kashewa kafin juyawa shi ne na'urori masu kwamfuta a ciki ba sa son a yanke musu wuta a mayar farat ɗaya. Iyaka ita ce maikuroamfiya 500 ga Aji na I, da 100 ga Aji na II. A Aji na II babu wayar ƙasa da za a katse, sai a riƙa taɓa bakin wayar gwaji a kan duk ƙarfen da ke waje. Muddin ana wannan awo na'urar ba ta da kariyar ƙasa, saboda haka kada mai gwaji ko wani ya taɓa ta.

Hanyar bambanci tana auna wutar da ta shiga ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutural, abin da ya ɓace a tsakani shi ne yoyo. Amfaninta shi ne ba a katse ƙasa, don haka ta dace da na'urar da ba za a iya raba ta da daɓe ko bututu ba. Iyakarta ɗaya da ta kai tsaye, amma ba ta da kaifi a kan ƙananan adadi.

Hanyar madadi ba ta kunna na'urar. Ana haɗe wayar wuta da nutural wuri ɗaya, na'urar gwaji ta sa nata bolt tsakaninsu da jikin na'ura, makunni yana kunne. Tun da ɓangarorin biyu suna ɗauke da cikakken bolt a lokaci guda, adadin yakan kusan ninka, shi ya sa iyakarta maikuroamfiya 1,000 ce ga Aji na I, da 500 ga Aji na II. Ita ce mafita a kan janareta ko inbata marar ɗaurin nutural, kuma ita ta fi aminci idan ana zargin na'urar tana da babban laifi. Rauninta shi ne na'urar da makunninta na lantarki ne, irin wanda ake dannawa ya saki, ba ta buɗe hanyar cikinta sai da wuta, don haka awon zai tsaya a bakin ƙofa ya ba da adadi mai kyau na ƙarya. Yawancin sababbin na'urorin sa ido da famfunan ƙarin ruwa haka suke, kuma a ganina gara a ɗauke su a kai inda soket ke da kyau a yi musu ta kai tsaye.

Awon sashen da ke taɓa majiyyaci

Nau'in BF da CF an keɓe su daga ƙasa da gangan, don ko wata na'ura ta daban ta sako wuta a jikin majiyyaci, kada wutar ta sami hanyar wucewa ta cikin wayoyin wannan. Gwajin yana tambaya ne ko keɓewar tana nan. Na'urar gwaji tana ɗora bolt daidai da na bango a kan wayoyin majiyyaci, ta hanyar turjiya mai taƙaita wutar, ta auna abin da ya zurare zuwa ƙasa. A haɗe wayoyin aiki ɗaya wuri guda, misali duk na awon bugun zuciya, a auna su, sannan a koma kan na awon zafin jiki, sauran suna sake ba su taɓa komai ba. BF kada ya wuce maikuroamfiya 5,000, CF kada ya wuce 50. Nau'in B ba a cika yi masa wannan daban ba, domin ya riga ya shiga awon da ya gabata.

A yi gwajin da ainihin wayoyin da ke ɗaki, ba sababbin da ke ajiye a shagon gyara ba. A shimfiɗa su a kan katako nesa da wayar wuta, domin idan sun kanannaɗe da ita, kusancin kaɗai yana ƙara 'yan maikuroamfiya, kuma a iyakar 50 wannan yana iya kayar da lafiyayyar na'ura. Kada a riƙe bakin wayoyin a hannu yayin awo.

Lissafi da hukunci

Yoyo yana tafiya da ƙarfin wuta, kuma ƙa'ida ta ce a mayar da adadin kan bolt ɗin da aka tsara. A ce an auna ta kai tsaye an sami maikuroamfiya 410, amma wutar a lokacin bolt 190 ce. A ninka 410 da 230 a raba da 190, sai a sami 496. Na'urar da ake gani tana da sauran fili ashe a bakin iyaka take, kuma daren da wuta ta ɗara 230 da 'yan bolt za ta haye. Wasu na'urorin gwaji suna yin wannan lissafi da kansu, a duba saitinsu don kada a yi shi sau biyu.

Adadin yau shi kaɗai ba ya isa hukunci. Awon farko da aka yi wa na'ura ranar da ta shigo asibiti shi ne ma'aunin da ake komawa gare shi, kuma a riƙa yin na baya da hanya iri ɗaya don kwatancen ya yi ma'ana. Na'urar da ta nuna 120 bara ta nuna 310 bana ba ta ƙetare iyaka ba, amma wani abu yana lalacewa a cikinta, ni kam buɗe ta nake yi. Idan na'ura ta faɗi, a fara da mai sauƙi: a sauya wayar wuta a sake aunawa, a busa ƙura a bar ta ta bushe a sake, sannan a zargi matatar hayaniyar lantarki da ke mashigar wuta, da abin ɗumama, da injin. Bayan kowane gyara a maimaita gwajin tun daga awon wayar ƙasa. Wadda ba ta gyaru ba a manna mata jan tambari, a cire wayarta a kulle, domin na'urar da aka bari a kusurwar ɗaki da wayarta za a jona ta daren da aka matsu.

Bayan awon lantarki a gwada aikinta na asali da ƙararrawarta, a mayar da saitin yadda aka same shi. A rajista a rubuta sunan na'ura da lambarta, da ajinta da nau'inta, da hanyar da aka bi, da bolt ɗin wuta da inda wutar ta fito, da kowane adadi, da na'urar gwajin da aka yi aiki da ita, da kwanan wata da sa hannu. Tazarar gwaji mai ƙera na'ura ke faɗa. Inda bai faɗa ba, IEC 62353 ta bar shi tsakanin wata 6 zuwa 36 gwargwadon haɗari da yawan amfani. Da irin ƙurarmu da yawan sauyin wuta, ina ganin kayan tiyata da na ɗakin jarirai da na'urorin wankin ƙoda kada su wuce shekara, kuma a sa ɗaya daga cikin zagayen ya faɗo cikin damina.

Mayar da ita ɗaki

Duk abin da aka auna a kan tebur ya tsaya ne a ƙafar filogi. A bi na'urar zuwa gefen gadon da za ta yi aiki, a yi wa soket ɗin wurin awo ukun nan da aka yi a farko. Idan doguwar waya mai soket da yawa ake amfani da ita, a buɗe ta, domin da yawa daga na kasuwa zare biyu ne a ciki duk da filoginsu mai ƙafa uku ne. Ko mai zare uku ce, yoyon duk abin da aka jona a kanta yana taruwa a waya guda: na'urori biyar masu maikuroamfiya 200 kowacce sun zama 1,000, kuma idan wannan waya ɗaya ta tsinke, jimlar tana kan jikin kowace daga cikinsu. Birekar da ke katse wuta idan yoyo ya kai miliyamfiya 30 tana da amfani ga ma'aikata, amma wannan adadi maikuroamfiya 30,000 ne, ba za ta motsa ba a kan abin da ke iya rikita zuciyar da aka zura wa bututu.

Sandar ƙasa ta ginin kuma, wato ƙarfen da aka kafa a cikin ƙasa wanda wayoyin ƙasa ke haɗuwa da shi, aikin mai wayarin asibiti ce, da ma'auninta na daban. Ƙasar Daura da arewacin Katsina rairayi ce mai saurin bushewa, saboda haka a nemi a auna sandar a Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta fi bushewa, ba bayan an sha ruwan sama ba. Gishiri da gawayin da ake zubawa a ramin suna rage turjiya na wani lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfe, don haka a tone bakin sandar a duba maɗaurin da ya haɗa ta da waya, a kankare tsatsa a ƙara ɗaure shi, a rubuta adadin da aka samu a shafin farko na rajistar.